Zanzaron da Ke Jan Kyankyaso

Babakura mai feshi ya yi abu biyu da mutumin kirki ba ya yi. Ya yi wa matar maƙwabcinsa ƙazafin asiri alhali ya san ƙarya yake yi, sannan ya fesa guba a tagar majinyaci da rana tsaka, yana sane da wanda ke kwance a ciki. Ba hauka ba ne, ba kuskure ba ne, kuma babu wanda ya aike shi.

Gidan da abin ya faru gidan haya ne a Potiskum, bayan garejin manyan motoci. Ɗakuna ne a jere suna kallon tsakar gida ɗaya, da rijiya ɗaya, da masai ɗaya a can lungu. Mai gidan, Alhaji Muhammadu Lawan, tsohon mai fataucin shanu ne da ƙafa ta hana shi zuwa kara, kasuwar shanu, ya koma zaman zaure da carbi da rediyo. Babakura yana ɗakin ƙarshe. Sana'arsa haɗa fiya-fiya a bokiti, ya ɗura a tsofaffin kwalabe ya sayar, sannan ya goya famfon feshi a baya ya bi gidaje a kan babur. Meram da mijinta Umara suna ɗaki na biyu daga zaure.

Da zarar damina ta sauka, kyankyasai sukan taso daga masan nan kamar an yi musu gayya. Su shiga kwanon tuwo, su shiga takalmi, su kwana cikin butar alwala. Sai mutanen gida su yi ta ƙorafi, sai Alhaji ya kira Babakura, sai a yi feshi. Washegari a share gawarwaki tuli guda, kaji su ci su mutu su ma, kafin wata ya zagayo ƙanana sun sake cika bango. Haka ake yi kowace shekara, kuma babu wanda ya taɓa tambayar dalili.

Umara tsohon direban tirela ne. Ya daɗe yana kai shanu Kudu, har fuka ta sauke shi daga mota ta zaunar da shi a kan tabarma. A feshin bara ƙirjinsa ya toshe, leɓunansa suka yi baƙi, aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti. Likita ya kira Meram gefe ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba: idan mutumin nan ya ƙara shaƙar wannan abin, kada ta yi mamakin abin da zai biyo baya. Meram ƙosai da kunu take sayarwa a ƙofar gidan, da shi suke ci. Ba su da wani wurin zuwa.

Shi ya sa da ruwan farko ya sauka bana, ta je zaure ta durƙusa.

"Baba Alhaji, ka taimake ni kada a yi feshin nan."

"Meram, ni ma ba son warin nake ba," in ji tsohon. "Amma jiya maƙwabciyarki Zara ta kawo min ƙara, wai ɗaya ya shiga kunnen 'yarta. Me zan ce mata? Na ɗaga miki ƙafa zuwa kaka. In sun ragu, shi ke nan. In ba su ragu ba za a fesa, sai ki san inda za ki kai mijinki."

Ta koma ɗaki ba ta san ta inda za ta fara ba. Ta ɗauki silifa ta shiga bin bango tana duka, kamar da silifa za a gama da abin da ya fi ƙarfin famfo.

A haka ƙanwarta Raudatu ta iso hutu. Tana karatun aikin gona ne, fannin ƙwari, kuma ita da Umara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Ga likitan kiyashi ta iso," in ji Umara daga kan tabarma, yana ajiyar numfashi tsakanin kalmomi. "A ba ta kujera, kada ta zauna a kan majinyatanta."

"Yaya Umara, kai ma ai majinyacina ne. Tun bara kake min alkawarin za ka warke ka kai ni Legas a gaban mota."

Meram ba ta saurare su ba. Ta hango wani baƙin ƙwaro a jikin labule, ta ɗaga silifa. Raudatu ta riƙe mata hannu.

"Ya Meram, tsaya! Wannan ba na kashewa ba ne."

"Ke, sake ni. Duk abin da ke tafiya a bangon nan yau sai na ga bayansa."

"Ki dube shi tukuna."

Ta duba. Ɗan ƙwaro ne baƙi wuluk, bai kai ƙudan zuma ba, mai dogayen ƙafafu kamar gizo-gizo. Ɗan cikinsa a maƙale yake a sama ta wani siririn tsinke, yana ɗaga shi yana saukewa ba tsayawa.

"Wani irin zanzaro ne," in ji Raudatu. "Ba ya harbin mutum, ba ya taɓa abinci. Aikinsa ɗaya ne a duniya. Macen tana bin lungu tana neman jakar ƙwan kyankyaso, ta huda, ta saka ƙwanta guda a ciki. Ɗanta ya ƙyanƙyashe ya cinye ƙwayayen da ke jakar kaf. Inda za a sami 'ya'yan kyankyaso fiye da goma, sai zanzaro ɗaya ya fito."

Umara ya ɗago kai ya leƙa. "Ji yadda yake ɗaga bayansa, kamar mai tuta a wurin gyaran titi."

Daga ranar sunan ya bi shi. Mai-tuta.

Raudatu ta sa aka janye kabad. A bayansa ga jakunkunan ƙwan nan a manne da katako, kowace kamar ƙwayar wake, ja-ja baƙi-baƙi. Meram ta san su. Kowace mace a gidan ta san su, kuma abin da uwa ta koya wa 'yarta shi ne a kankare su a watsa cikin murhu. Tsabta kenan. Meram ta kai hannu za ta yi yadda ta saba.

"Nan ne kuke yin ɓarnar," in ji Raudatu. "Wasu daga cikin waɗannan akwai ɗan mai-tuta a ciki. Kuna ƙone maƙiyi da mataimaki tare. Sauran da suka tsira kuma feshi ya ƙarasa su, don shi ya fi kyankyaso saurin mutuwa."

Ta nemi babbar robar alewa, irin wadda ake ganin cikinta. Ta shafe bakinta daga ciki da basilin, kauri guda. Ta zuba jakunkunan, ta rufe da yankin gidan sauro, ta ɗaure da ƙyalle. Idan 'ya'yan kyankyaso ne suka fito, santsin basilin zai hana su hawa, su mutu a nan. Idan mai-tuta ne, yana da fiffike, da safe a buɗe masa ya tashi ya tafi aikinsa. Aka ajiye robar a inuwa, ƙarƙashin tagar Umara.

"Ba yau ba ne, ba gobe ba ne," in ji ta. "Kuma shi kaɗai ba zai iya ba. A yi wa masai murfi, a daina barin kwanuka su kwana da tuwo, a toshe ramukan ɗaki. Kin ji?"

Matan gidan suka taru suna kallo, Zara a gaba. Babakura ma ya zo, da warin fiya-fiya a rigarsa, ya tsuguna a gefen robar.

"Malama 'yar boko, wai da gaske ƙwaro zai yi aikin magani?"

Raudatu ta zaɓi wata jaka, ta ɗaga ta a hasken rana, ta tsaga da reza. Ƙwayaye ne farare a jere. Ta tsaga ta biyu, haka nan. A ta gaba babu jeren komai, sai wata farar tsutsa guda, ƙatuwa, ta cika wurin ita kaɗai. Babakura ya karɓa a tafin hannunsa ya daɗe yana dubawa. Mutum ne mai kai, ya gane tun kafin matan su gane.

"Ikon Allah," ya ce. "Ta cinye su duka." Sai ya ƙara da cewa, a hankali, "To in wannan ya cika gari, mu fa?"

"Sai ka zo in koya maka tuƙi," in ji Umara ta taga.

Kowa ya yi dariya ban da Babakura.

Hutu ya ƙare, Raudatu ta koma makaranta, aikin ya rage wa Meram. Kullum da safe, in ta sauke kaskon ƙosai, sai ta zo ta tsuguna gaban robar. Kwanakin farko babu abin da ke fitowa sai 'ya'yan kyankyaso, farare fat, su yi duhu kafin azahar, su yi ta zamewa a jikin basilin. Zuciyarta ta fara karaya. Ta kira Raudatu a waya, aka ce mata ta yi haƙuri.

Wata safiya tana tsugune sai ta ga wata jaka tana motsi. Wani ɗan ɗigo ya bayyana a gefenta, ya yi ta faɗi, ana gutsurarsa daga ciki. Ramin ya fito zagayayye tas kamar da ƙusa aka huda. Gashi biyu suka leƙo, sannan baƙin kai, sannan dogayen ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan jakar da ta raine shi, ya goge fuskarsa, ya ɗaga ɗan cikinsa ya sauke.

Wannan abin bai taɓa ganin uwarsa ba. A cikin duhu ya girma, a gidan maƙiyi, ba wanda ya ce masa ga aikinka. Meram ta kwance ƙyallen. Bai yi shawagi ba, ya nufi ƙarƙashin turmin Zara kai tsaye, inda kyankyasai ke ɓuya.

"Maigida," ta kira ta taga, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wa ya gaya masa can zai je?"

"Wanda ya gaya wa ɗan maraƙi inda nono yake," in ji Umara.

Daga nan matan gidan suka daina watsa jakunkunan a wuta. Kowace ta kankaro ta kawo wa Meram a murfin kwano. Roba ɗaya ta zama uku. Aka yi wa masai murfin katako, Zara ta zama mai gadin kwanuka, duk wadda ta bar nata da dare ta sha faɗa. Da damina ta yi nisa, masu-tuta suna yawo a kowane bango, ƙananan kyankyasai kuwa sai an nema. Manyan suna nan, amma ba kamar da ba. Umara ya fara fitowa tsakar gida yana shan hantsi.

A nan ne Meram ta ga zanzaro iri na biyu. Wata safiya ta je zubar da toka bayan masai, ta ga wani zanzaro kore shar yana sintiri a gindin bango, ta tsaya ta ga abin da ya yi. Ta dawo ɗaki ba ta iya ba da labari ba sai da ta sha ruwa. Da ta kira Raudatu, yarinyar ta yi ihu a waya, ta ce su kansu a makaranta a hoto kawai suka gan shi, kuma rashin feshin bana ne ya bar shi ya zauna.

Labarin robobin ya fita unguwa. Mata daga wasu gidaje suka fara zuwa koyo, har wata ta taso daga Nangere. Babur ɗin Babakura ya fara yini a jingine. Ya ga kasuwarsa tana raguwa, kuma maimakon ya nemi wata hanyar halal, sai ya nemi harshensa.

Ya fara a teburin mai shayi. Ya ce shi fa bai ce komai ba, amma wace mace ce ke tara ƙwan kyankyaso a roba tana yi masa magana da sassafe? Ya ce ƙanwarta ba daga makaranta ta kawo abin ba, daga wurin wani boka ne a ƙauye. Ya ce ku lura, tun da aka ajiye robobin nan layin ƙosanta ya ƙaru, a bincika abin da ake zubawa a ƙullun. Mutumin da aka tsaga wa jakar ƙwai a tafin hannu, ya ce ikon Allah da bakinsa, shi ne ke wannan maganar. Mutane kuwa sun fi saurin karɓar ƙarya mai daɗin ji a kan gaskiyar da ke buƙatar a tsuguna a duba.

Masu sayen ƙosai suka ja baya. Matan gida suka daina kawo jakunkuna, wata ma ta hana 'ya'yanta bi ta ƙofar Meram. Magana ta kai masallacin unguwa, daga nan ta dawo zaure.

Alhaji ya aika aka kira ta.

"Meram, gidana ya shiga bakin mutane. Ban ce na yarda ba, amma na tsufa da jin ana kiran gidana gidan asiri. A zubar da robobin nan, a yi feshi, magana ta mutu."

"Baba Alhaji, in aka yi feshi ba magana ce kaɗai za ta mutu ba."

Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa.

"Abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "Gobe da hantsi ka zo bayan masai ka zauna. Ba zan ce komai ba, ba zan taɓa komai ba. Abin da ka gani, ka yi hukunci da shi."

Ya zo. Aka ɗauko masa kujera, mutanen gida suka tsaya a bayansa, Babakura ya jingina da bango ya harɗe hannu. Rana ta ɗaga, wari ya taso, babu abin da ya fito sai ƙudaje.

"Yau aljanun sun tafi cin kasuwa," in ji Babakura. Wasu suka tuntsire da dariya. Meram ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Amma Alhaji mutum ne da ya saba yini a kara yana jiran ciniki ɗaya. Ya dogara sandarsa ya miƙe. "Gobe ma rana ce," ya ce.

Washegari ba su daɗe da zama ba ya sauko. Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, kore mai ƙyalli kamar sabon fentin mota, cinyoyinsa ja. Ya yi ta gudu a gindin bango yana leƙa kowace tsaga. Ya shige ƙarƙashin wani fasasshen bulo, sai ga ƙaton kyankyaso ya fito a guje, ya ninka shi girma nesa ba kusa ba. Zanzaron ya cafke shi a wuya. Suka yi birgima cikin ƙura. Ya lanƙwasa cikinsa ya harbe shi a ƙirji, ƙafafun gaba na kyankyason suka saki. Sai ya gyara tsayuwa, a natse kamar wanzami, ya sake harbinsa ta ƙarƙashin wuya zuwa cikin kai. Ya sake shi ya tashi ya tafi.

"Ya mutu?" in ji Zara.

Bai mutu ba. Ya miƙe a kan ƙafafunsa. Ga hanya a buɗe, ga ramin masai kusa, amma bai gudu ba. Ya tsaya a wurin yana lasar ƙafafunsa yana gyara gashin bakinsa, kamar mai shirin zuwa biki. Can sai koren ya dawo, ya gutsure dogayen gashin bakin nan biyu ya bar rabi, ya kama guntun ɗaya da baki, ya fara ja da baya.

Kyankyason ya bi shi. Ba jan gawa ba ne, da ƙafafunsa yake tafiya, taku bayan taku. In zanzaron ya tsaya ya tsaya, in ya ja ya biyo. Suka ratsa ta gaban takalmin Alhaji, suka zagaye wani dutse, har bakin wani ɗan rami a gindin bango. Ya shigar da shi ciki. Ya jima, ya fito shi kaɗai, ya shiga ɗauko tsakuwa da guntayen kara ɗaya bayan ɗaya yana toshe ƙofar, har wurin ya koma kamar ba a taɓa yin rami ba. Ya goge fiffikensa ya tashi.

Carbin Alhaji ya tsaya a hannunsa tun ɗazu. Leɓunansa kawai ke motsi.

"Mace ce, ƙwai ta saka a jikinsa," in ji Meram a hankali, ta manta alkawarin yin shiru. "Ɗanta zai ci shi a ciki har ya girma."

"Kun gani!" Babakura ya ɗaga murya. "Kun gani da idonku! Wane ƙwaro ne zai bi maƙiyinsa kamar rago in ba an yi masa asiri ba?"

Alhaji bai ko waiwaye shi ba. "Na yi rayuwata ina jan shanu," ya ce. "Bijimi ɗaya sai ƙarti huɗu sun taru, da igiya a ƙaho da igiya a ƙafa, kuma ya watsar da su. Wannan ɗan abin ba igiya, ba sanda, ba mataimaki. Ya san inda zai taɓa a cikin kan da bai kai ƙwayar wake ba. Subhanallahi." Ya share idonsa da bakin rawani. Sannan ya juyo. "Babakura, da Meram ce ke iya koya wa ƙwaro wannan, da ba ƙosai take soyawa a ƙofar gidana ba."

"Baba Alhaji, ai ni..."

"Zara, ba ke kika ce min a hannunsa aka tsaga ƙwan nan ba?"

"A hannunsa, Baba. Har ya ce ikon Allah."

"To ka ji. Muddin ina raye ba a ƙara feshi a gidan nan. Kuma inda ka kai maganar nan, ka koma ka kwaso ta."

Da Babakura ya tsaya a nan, da kunya kaɗai ya sha, kuma kunya tana wucewa. Bai tsaya ba. A teburin mai shayi aka fara kiransa mai ganin aljanu, yaran gareji suna tambayarsa ko yau sun dawo daga kasuwa. Abin ya yi ta cinsa.

Ranar wata Laraba abin shaƙar Umara na fuka ya ƙare, Meram ta tafi kemis bayan azahar. Mazan gida suna wurin nema, Alhaji yana barci a zaure, Umara yana kwance a ɗaki da taga a buɗe saboda zafi. Babakura ya cika famfonsa da haɗi mai ƙarfi, wanda ko shi sai ya ɗaure hanci. Ya tsaya a kan robobin ya yaye ƙyallayen ya yi ta fesawa. Iska tana kaɗa hayaƙin cikin taga. Ya ji tarin farko. Ya ji na biyu. Zara ta fito daga ɗakinta da kumfar wanki a hannu tana ihu, "Umara na ciki! Babakura, Umara na ciki!" Ya dube ta, ya ci gaba da matsa famfo har ya ƙare.

Meram ta dawo ta tarar ana fito da mijinta. Bakinsa a buɗe, ƙirjinsa yana ɗagawa amma iska ba ta shiga, idanunsa sun kafe a kanta. Ta danna masa abin shaƙar a cikin Keke Napep, ta sake dannawa, tana kiran sunan Allah har ƙofar asibiti. Aka sa masa iskar tukunya. Likitoci suka daɗe a kansa.

Ya rayu. Amma bai koma yadda yake ba. Mutumin da ya fara fitowa shan hantsi da ƙafarsa, yanzu sai an riƙe shi zuwa bakin ƙofa, kuma magana mai tsawo ta fi ƙarfinsa.

Da aka sallamo su, Meram ta je ƙarƙashin tagar. An wanke bango, an zubar da ƙasar wurin. Masu-tuta sun mutu, Zara ta ce ta share su da yawa a tsakar gida. Koren ma ba a ƙara ganinsa ba. Meram ta tattara jakunkunan za ta zuba a wuta, ta fara kiran Raudatu ta gaya mata.

"Kada ki ƙone, Ya Meram. Ki ɗauraye su, ki sa a sabuwar roba. Jakar nan ba kasafai magani ke ratsa ta ba. Shi ya sa ƙanana ke dawowa bayan kowane feshi."

Ta yi yadda aka ce, ba don ta yarda ba. Ta ajiye robar a ƙarƙashin tagar, tana dubawa da safe don sabo kawai. Kaka ta matso, an fara yankan gero a ƙauyen Danchuwa. Wata safiya ta ɗaga ƙyalle ta ga ramuka zagayayyu a jikin jakunkuna, da baƙaƙen ƙwari uku suna zagaya robar suna ɗaga tuta. Ɓawon da kyankyaso ya gina don kare 'ya'yansa, shi ya kare mai cinye su daga gubar da ta kusa kashe babban mutum.

Ta ɗauki robar ta shiga da ita ɗaki, ta durƙusa gaban tabarma. Umara ya daɗe yana kallo. Ya tara numfashi.

"Buɗe musu," ya ce.

Ta buɗe. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka fita ta taga.

Babakura kuwa, tun ranar Larabar Alhaji ya sa aka kira 'yan sanda. A kotu ya ce asiri ya je karyawa, kuma bai san akwai mutum a ɗakin ba. Zara ta tsaya ta faɗi abin da ta gani da abin da ta faɗa masa. Alƙali ya ɗaure shi shekara ɗaya ba zaɓin tara, aka ƙwace famfon da kwalaben aka lalata, Alhaji ya sa aka fitar da kayansa daga gidan.